Baƙin Gashin Babban Akawu

"Dattijo muke so a kujerar mataimaki," in ji sabon manaja, "wanda ko kansa ka kalla ka san ya kwana biyu a duniya."

Babban akawu ya gyara zama, don tun ana aiki da tafireta yake ofishin nan. Amma idon manaja ya tsallake kansa mai baƙi wuluk kamar gogaggen takalmi, ya sauka kan yaron da babban akawun ya koya wa aiki, wanda furfura ta fara tsatso masa a gefen kunne.

Aka tafa. Babban akawu ma ya tafa, zuciyarsa na tafasa. Matarsa ta sha faɗa masa: "Baban yara, ka bar shafe-shafen baƙin gashin nan, duk ka ɓata min filo." Shi kuwa tsoronsa kada a ce ya tsufa a sallame shi.

Da aka tashi bai zame ko'ina ba sai shagon mai askinsa. So yake a kwashe gashin tas, furfurarsa ta fito ta ƙwato masa haƙƙinsa!

Ya tarar da sabon mataimaki a kan kujera, an yafa masa tawul. Mai aski na tsoma buroshi a wani ɗan kwano, yana shafa masa fari a gefen kunne.

"Sannu da zuwa, yallaɓai," in ji mai aski, ko a jikinsa. "Zauna, naka kwanon na nan. Bari in gama tsufar da shi, sai in mayar da kai yaro."