Tsabar da Hukuma Ta Ƙi

Alhaji Haliru ya sake zazzage akwatin a kan gado. Tsabobin zinariyar da yake tarawa duk suna nan, sai guda ɗaya, kuma ita ce ransa. Tsabar gwaji ce, irin wadda ake bugawa a nuna wa hukuma kafin a fitar da sabon kuɗi. Wannan kuwa, hukuma ta ce ba ta so, aka narkar da 'yan'uwanta. Shekaru ya yi yana farautarta, kuma ba wanda bai sha labarinta ba a Zongo. Matarsa Asiyatu kan saurara da kunne ɗaya, hannu yana aiki.

Ga gida cike da 'yan suna, 'yarsa ta haifi mace. Tun ranar haihuwa ya ce wa Asiyatu ta ɗauki abin da ya dace ta fita kunya, kada ta dame shi. Bai faɗa wa kowa ɓatan ba, kada a ce ya tuhumi baƙi.

To wa ya riƙe ta a ƙarshe? Seydou, amininsa tun na ƙuruciya, shi ma mayen tsaba ne. Haliru ya haye babur sai kasuwar Assigamé. A gaban shagon Seydou, a gaban jama'a, ya kira shi ɓarawo. Kaico! Seydou ya tashi. Ya miƙo masa turmin atamfar da ya saya wa mai jego, ya juya masa baya.

Haliru bai huce ba, ya bi layin maƙeran zinariya shago-shago, ko an kai ta can. Wanda ke yi wa gidansa aiki ya taso da fara'a, yana barka, yana tambayar ko hajiya ta yaba. Haliru ko kallonsa bai yi ba.

Ya dawo gida jiƙe da gumi, zuciya na ci. Kafin ya zauna aka ɗora masa jaririya a hannu. 'Yan kunnenta suka ɗauki idonsa, ƙanana, jawur.

"Asiyatu, wannan jar zinariya fa, daga ina?"

Ta gyara mayafi, cike da jin daɗin kanta.

"Kwantar da hankalinka, Alhaji, ban taɓa masu kyan ba. Waccan da ka ce hukuma ta ƙi, ita na kai wa maƙeri."