Ruwan da Ya Shiga Bai Fita Ba

Ƙawata Kubura, ki ara mini kunnenki, zan yi miki wani misali. Ba a bakin malam na ji shi ba, wajen autata Rumasa'u na tsinto tushensa, wadda ke karatun lissafi a jami'a. Ina zaune ina tsintar shinkafa na ga tana ta zana da'ira a takarda, kowace da 'yar kibiya a jikinta. Na ce, “Ke kuma, lissafin ne ya koma zanen faifai?” Ta yi dariya, ta ce, “Umma, akwai lambobin da ba a jere suke kan layi ba, a shimfiɗe suke kamar fili. Idan filin lafiyayye ne, wato ta duk inda kika ɓullo wa wuri gangararsa ɗaya ce, to ki zagaye shi kina tara abin da kika tarar a hanya. Kina dawowa inda kika fara za ki ga jimillar sifili ce. In kuwa kika dawo da saura, akwai rami a ciki. Ki faɗaɗa zagayen ko ki matse shi, muddin ramin yana tsakiya, sauran nan ba ya canjawa.” Ragowar bayanin ya fi ƙarfin bokon da na koya da girmana. Amma wannan ya zauna mini a rai, na yi ta juya shi har kan sallaya, sai ga abin da ya fito.

Wani manomi ne yake da gona a kan gangare. Al'adarsa, duk sanda aka ɗauke ruwan sama sai ya bi iyakar gonar ya zagayo, yana duba inda ruwa ya shigo ta tudu da inda ya fice ta kwari ya nufi rafi. Shekara da shekaru abin da ya shiga shi yake fita, sai ɗan wanda ƙasa ta sha. Wata damina, dawa ta yi kyau har ta fi ƙarfin tsayinsa, ya zagaya kamar kullum, ya ga ruwa ya shigo da ƙarfinsa ta tudu, amma ta kwari ɗan zirara kawai yake yi. Ya tuna tun yana yaro ana cewa akwai tsohuwar rijiya a gonar, wajen gindin kanya, kakanni suka rufe bakinta da azara suka bi da ƙasa. Ya kuma san abin da gara take yi wa azara. Sai dai shiga neman rijiyar na nufin sare dawar da bai taɓa samun irinta ba. Saboda haka da aka sake ruwa ya bi ta bayan gonar maƙwabci, ya yi zagaye mai faɗi, ko idonsa ne ya ruɗe shi. Ruwan da ya ɓace yana nan a ɓacensa. Ya kutsa ta cikin kunyoyin dawar ya yi ƙaramin zagaye, kanyar na tsakiya. Duk ɗaya. Daga ƙarshe ya samo wata hanya da ta bar kanyar a waje, ya bi ta, ya ga abin da ya shiga ya fita daidai. Ya ce alhamdu lillahi, ya saɓa fartanyarsa ya tafi gida. Daga ranar nan hanyar da yake bi ke nan, kuma bai gaya wa kowa ba.

Da kaka ta yi ana yankan dawa, matarsa ta kawo wa ma'aikata fura. Rana ta yi zafi, ta ce bari ta ajiye ƙwaryar a inuwar kanya. Ƙasa ta buɗe a ƙarƙashinta. An fito da ita da rai, amma ba ta ƙara taka ƙafarta ba. Rijiyar kuwa, shi da ƙannensa suka cike ta da duwatsu kafin Juma'a ta zagayo. Dawar da ya yi wa kara tana rumbu, ya ci tuwonta har wata damina, matarsa na kwance a gefe, ko loma ɗaya bai ji daɗinta ba.

Kubura, kin san abin da ya sa na kawo miki wannan. Ƙullutun nan da kika nuna mini a nononki tun bayan sallar layya. Kin zagaye shi da man zafi, kin zagaye shi da jiƙo, kin je kemis ɗin bakin kasuwa, mai shagon ya ce iska ce, kika dawo kina murna, kin samo hanyar da ta bar kanya a waje. Amma ina ganin hannunki, ko hira muke yi can yake komawa. Ban ce ki daina addu'a ba, ni ma ina saka ki a tawa. Wanda ya saukar da cuta ai Shi ya saukar da magani, bai kuma ce mu bi ta bayan gona ba. Ki sa mayafinki mu je asibiti, ni zan raka ki, in ana tambaya mu ce unguwa muka tafi. Manomin nan ya san gaskiya tun zagayen farko, bai amfana da ita ba sai da ƙasa ta rufta. Shi ya sa Hausawa suka ce: da na sani ƙeya ce, a baya take.

Ki bar maganar nan tsakanina da ke, don Allah kar ki faɗa wa kowa. Ko Rumasa'u ba ta san inda na kai lissafinta ba. Likita kaɗai na yarda ya ji.