Ruwan Burtsatse a Jarkar Jarrabawa

Tunda kai ma an danƙa maka makullin ɗakin gwaje-gwaje, bari in ba ka misalin wani da ya riƙe irinsa a wata sakandare. Aikinsa wanke kwalabe, jera kayan awo, da haɗa sinadarai idan za a yi wa ɗalibai gwaji. Amma in ka same shi a gindin darbejiya lokacin hutun ƙarfe tara, sai ka rantse shi ya haifi kimiyyar. Yana kaɗa makullai a yatsa yana cewa, "Ni ruwan da nake tacewa a ɗakin nan, ko likita ya gani sai ya roƙi kofi guda." Alhali injin tace ruwan ya mutu tun zango uku da suka wuce, kuma shi ya kashe shi. Ya kunna shi ba ruwa a ciki, ya tafi cin ɗanwake, ya dawo ya tarar da ƙauri. Maimakon ya je ya gaya wa shugaban makaranta, sai ya goge bayan injin har yana ƙyalli, ya samo farin ƙyalle ya lulluɓe shi kamar kwanon tuwon baƙo. Jarkokin da aka rubuta wa "tataccen ruwa" kuwa, a burtsatsen bayan kicin yake ciko su, ya tsiyaye da ƙyallen tatar koko. Ba wanda ya gane, don a makarantar yawanci da alli ake yin gwaji a kan allo.

Ana nan sai jarrabawar fita ta zo. Kwana huɗu kafin ranar, malamar kimiyya, wata yarinyar mace da ba ta daɗe da kama aiki ba, ta miƙa masa takardar abubuwan da za a haɗa, ta ce komai da tataccen ruwa za a dama. Nan fa ya samu ƙofar tsira, don ko ruwan batir na wajen makanikai aka samo, da ya wadatar. Amma neman ruwan batir na nufin a tambaye shi ina inji. Ya dubi jarkokinsa, ruwa garau kamar idon zakara, ya ce a ransa ruwa ai ruwa ne. Abin da bai lissafa ba, ruwan burtsatsen nan yana da ɗan gishiri-gishiri, kuma a cikin kayan gwajin akwai wani sinadari mai azurfa wanda da ya ji gishiri sai ya mai da ruwa fari.

Ranar jarrabawa ɗalibai arba'in da takwas suka tsaya a gaban teburansu. Daga birni aka turo mai sa ido, wata dattijuwa mai tabarau da ba ta dariya. Ta duba agogo ta ce a fara. Ba a yi minti goma ba wata ɗaliba ta ɗaga hannu, ruwan kwalbarta ya yi fari. Na kusa da ita ma haka. Kafin ka ce kwabo, kowace kwalba a ɗakin ta koma kamar an tsiyaya nono, har waɗanda ya kamata su zauna garau. Yara suka daina rubutu, wata ta fara hawaye a kan takardarta. Agogo kuwa bai tsaya jiran kowa ba.

Mai sa ido ta juya ga malamar, ta ce in ba a gano inda aka kwafsa ba, za ta rubuta cewa an ɓata kayan jarrabawa, a soke takardar makarantar, yara su jira baɗi, ita kuma malamar ta je ta yi bayani a sama. Malamar ta buɗe littafin awonta, tana bin layi-layi ba ta ga kuskure ba. Mutuminka yana tsaye a bakin ƙofa, makullai sun yi shiru a aljihu. Yana ji yana gani za a rataya wa wata laifinsa.

Dattijuwar nan ta ɗauki kwalba wankakkiya, ta zuba ruwan jarka zalla, ta ɗiga sinadarin mai azurfa sau ɗaya, ta ɗaga sama kowa ya gani. Fari fat. Ta juya ga mutuminka.

"Baba, yaushe ka tace ruwan nan?"

"Jiya-jiyan nan, ranki ya daɗe."

"Madalla. Kunna injin a tace sabo, yara su ci gaba."

"Ai kamar babu wuta, Hajiya."

Sai ta nuna masa fankar da ke juyawa a saman kansa.

Shugaban makaranta ya riga ya shigo, malamai sun cika taga. Daga ƙofa zuwa wajen injin taku bakwai ne, amma sai da gumi ya jiƙa masa riga. Ya yaye ƙyallen. Ya danna makunni, shiru. Ya sake dannawa, ya ɗan bubbuga gefe kamar mai tashin jaki. Dattijuwar ta matso, ta sa hannu ta ɗaga murfin da kanta. Cikin tukunyar baƙi ƙirin, busasshe ƙamas, zanzaro ya gina ɗakuna uku na laka a jikin ƙarfen. Guda ya fito, ya kewaya kan mutuminka, ya bi ta taga.

Ɗalibai arba'in da takwas suna kallonsa, shi kuma yana riƙe da farin ƙyalle, ya rasa inda zai ajiye shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.