Huji Uku a Gindin Roba

Maman Kasonde ta ɗaga ƙarfen ta caka wa robar a gindi. Ɗaya, biyu, uku. Ragowar ruwan da ke ciki ya tsiyaye a kwatar siminti yana ɗan hayaƙi.

Shekararta goma sha huɗu tana wannan aiki a wani fili da ke bayan garin Kitwe, a ƙasar Zambiya. Tankunan asid ake kawo musu daga mahaƙar jan ƙarfe, kowanne kejin ƙarfe ne a waje, da ƙatuwar farar roba mai cin lita dubu a ciki. A kwance ƙusoshi, a zaro tsohuwar roba, a zura sabuwa, keji ya koma bakin aiki. Tsohuwar kuwa, dokar filin ta ce a huda ta kafin ta fita. Kowa sau ɗaya yake hudawa ya wuce. Ita sai uku, tana yi tana cije leɓe kamar robar ta zagi uwarta.

A shekarar nan ruwan sama ya yi gardama, famfunan unguwa suka ƙafe. Tun da safe mata ke taruwa a bakin ƙofa suna leƙen fararen robobin ta jikin shingen waya. A gefensu mai dafaffiyar gyaɗa yana zaune a bencinsa yadda ya saba, da baƙin tabarau ko rana ko hadari, ba ya sa baki a maganar kowa.

"Haba Maman Kasonde, ke ba uwa ba ce?" wata ta ɗaga murya. "Guda ɗaya tak! Za mu wanke da sabulu!"

"Ajiye sabulun ki wanke bakinki," ta ce, ta sake cakawa.

Sabon manaja, Mista Simukonda, ba mugu ba ne, abin haushin ke nan. Tausayi gare shi, irin wanda ba ya tsayawa tambaya. Ran Laraba ya sa aka ware robobi goma sha biyu marasa huji, ya ce ran Juma'a motar coci za ta zo ta raba wa unguwa.

Maman Kasonde ta same shi a ofis, ko safar hannu ba ta cire ba.

"Yallaɓai, waɗannan robobin ba za su fita ba."

"Mama, mutane ba su da inda za su tara ruwa. Kowa ya ɗauraye tasa a gida."

"A gida! Ka taɓa ganin abin da ragowar asid ke yi idan aka kwara mata ruwa? Tafasa take yi ta yi tsartuwa, kafin mutum ya ja da baya."

"Kin cika tsoro. An ce mini shekara tara da suka wuce an sace guda a nan, ba huji. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Amma wanda ya sace ta har yau bai yi barcin kirki ba."

Ya yi dariya, sannan ya ɗaure fuska. "Kika taɓa su, a bakin aikinki."

Ran Juma'a da hantsi motar ta shigo da baya-baya, mata na ta guɗa a waje. Maman Kasonde ta ɗauki ƙarfenta ta nufi layin robobin. Lombe, abokin aikinta, ya sha gabanta.

"Mama, ki tuna da yara."

"Su nake tunawa. Matsa."

Ya matsa. Ta fara daga ta farko, ba gaggawa, ba waige. Guɗa ta koma ihu, ihu ya koma zagi. Mayya, aka ce, mai baƙar zuciya. Wata ta jefo ƙwallon mangwaro ya same ta a wuya. Kafin Simukonda ya iso da gudu ta kai ta tara, ya tsaya yana kallon tsinin ƙarfen, bai yi gigin riƙe ta ba. Huji talatin da shida cif, sannan ta miƙe tana haki.

"Tuɓe rigar kamfani ki fita!"

Ta tuɓe, ta ninke, ta ajiye masa a kan wani tanki. "Ƙarfen nan ku ba Lombe. Lombe, uku ake yi, ka ji ni? Guda ɗaya ana liƙe shi da narkakkiyar roba."

Ta ratsa tsakiyar matan kanta a sama, ba ta ba kowa haƙuri ba. A gaban mai gyaɗa ta tsaya, ta ɗora masa kwanon gyaɗarsa a cinya ta rufe.

"Duka kika huda?" ya tambaya.

"Duka, Baban Kasonde. Sun kore ni."

"To, ai sai mu tafi gida."

Ya miƙa hannu yana lalube a iska har ya sami kafaɗarta. A shekara goma sha huɗu roba ɗaya ce tak Maman Kasonde ba ta huda ba, ita ce wadda ta sata ta kai gida, ta ce wa mijinta ya leƙa ciki ya zuba ruwa ya ɗauraye. Tun ranar yake sanye da baƙin tabarau.