Sabon Littafin Ɗan Tasha

Mai sayar da littattafai na bakin Kasuwar Kure ya gaji da jin sunan Mika'ilu Ɗan Tasha. Mutane sai zuwa suke neman wani littafinsa wai shi *Jirgin Baro Bai Zo Ba*, kuma duk bakinsu ɗaya: Malam Muttaka ne ya turo su. Mai littattafan ya duba rumfarsa, ya buga waya Kaduna, ya buga Kano. Babu wanda ya taɓa ganinsa.

Malam Muttaka tsohon ɗan kasuwar yadi ne, mazaunin Kpakungu. Tun yana firamare karatu ya kama shi. Ko takardar da aka ƙunsa masa ƙosai sai ya karanta kafin ya ci. Da ya haɗu da littattafan Ɗan Tasha kuwa, shi ke nan. Idan ka je sayen shadda, da shadda za ka fito da sunan littafi.

Da hawan jinin ido ya dushe masa gani, sai ya daina fita, ya daina dariya, abinci ma sai an yi da gaske. Matarsa Rabi'atu ce ta ɗauko kujera wata la'asar, ta zauna gabansa, ta fara karanta masa tsofaffin littattafan ɗaya bayan ɗaya. Da suka ƙare ya koma ya yi tagumi. Ba a yi sati ba ta shigo da albishir: Ɗan Tasha ya fitar da sabo.

Tun daga nan Malam ya warware. Ya koma zaman majalisa a ƙofar gida, yana tare masu wucewa da labari.

"Mutumin nan tsufa ya yi masa rana," in ji shi. "Littattafansa na yanzu sun fi na da. Ya san mutane kamar a gidansu yake kwana. Abu ɗaya nake riƙe da shi: yarinyar nan Zakiyya ta cikin labarin. Ina cikin yabon kyanta, washegari ya aurar da ita ga direban tirela a Wushishi, ba a sake jin ɗuriyarta ba."

Ndaceko, abokinsa tun na makaranta, ya girgiza kai. "Muttaka, wannan mutum ya rasu tun kafin wayar hannu ta shigo Minna. Ni na ji a rediyo."

"To matacce ne ya rubuta labarin mai keke Napep da mai POS? Kai dai ka daina karatu, shi ya sa."

"Kawo littafin mu gani."

Aka aika cikin gida. Rabi'atu ta ce a gaida Ndaceko, amma ita ba ta ba da aron littafi, don ba ya dawowa.

Magana ta yaɗu a unguwa. Wasu suka ce Malam ya fara rikicewar tsufa. Waɗanda suka sha zirga-zirga zuwa kasuwa a banza suka fara sauya hanya idan sun hango shi. Ndaceko, cikin tausayi, ya kira Anwar, babban ɗan Malam da ke aiki a Abuja, ya ce gara a kai babansa a duba masa kai tun abin bai yi nisa ba.

Anwar ya bincika a waya, bai ga littafin ba. Ya kira mahaifiyarsa.

"Babanka ƙalau yake," ta ce. "Jiya ma kwano biyu ya ci. Ka fita harkar mutane."

Hankalinsa bai kwanta ba. Ya yi magana da wani likita, ya shirya cewa idan abin ya tabbata zai ɗauke tsohon ya koma da shi Abuja. Ranar Asabar ya kamo hanya, bai gaya wa kowa ba.

Bayan la'asar ya iso. Tun daga zaure ya jiyo muryar mahaifiyarsa tana tashi tana sauka, da ƙarar buɗe shafi. Ya leƙa tsakar gida. Malam na kishingiɗe a kan tabarma, fuskarsa cike da murmushi. Rabi'atu na kan kujera ta ba ƙofa baya, tabarau a hanci, littafi a cinya.

Ashe dai akwai littafin. Kunya ta kama Anwar. Ya yi sallama a hankali.

"Anwar ne? Zauna, zauna, gaisuwa ta jira," in ji Malam. "Mun zo wurin da Alhaji zai gane wanda ya sace masa rago. Ci gaba, Rabi."

Anwar bai zauna ba. Ya matsa bayan kujerar don ya ɗauki hoton littafin ya tura wa Ndaceko. Rabi'atu ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta mayar da ido kan shafi, ta gyara murya.

"Ana cikin haka," ta karanta, "sai ga ɗan Alhaji ya faɗo gida babu sanarwa, yaro mai shisshigi. Ya ga abin da ya gani. Amma da yake yana son albarkar uwarsa, sai ya ja bakinsa ya yi shiru har abada."

Malam ya buga cinya yana dariya. "Ka ji ko? Wa zai iya wannan in ba Ɗan Tasha ba!"

Anwar ya sunkuya ya dubi abin da yatsan mahaifiyarsa ke bi layi-layi. Littafin bayanin injin markaɗenta ne, kuma daga farko har ƙarshe da rubutun mutanen Sin aka buga shi.