Bado Ba Ya Jiran Maigida

Tunda ka zo kana kumfar baki, wai mutanen da ke ƙarƙashinka ba sa tsinana komai, zauna in ba ka misali. In ka ga dama ka ji haushina.

An yi wani tsohon masunci da ruwa ya janye a garinsu, koma ta daina kamu, ya shigo birni ya samu aikin lambu a gidan wani ɗan kasuwa. Maigidan ya sa an gina masa ɗan tafki a tsakar gida, ya ce bado yake so a ciki, fure fari fat a kan ruwa, irin wanda ya gani a gidan wani abokinsa. Tsoho ya ji daɗi har ransa, don shi a cikin bado ya tashi. Da ƙafarsa ya je fadama ya ɗebo laka mai danƙo, ya cakuɗa ta da busasshen kashin shanu, ya dasa saiwar a tsofaffin tukwane, ya rufe bakinsu da tsakuwa don kada kifi ya tone. Bai nutsar da tukwanen lokaci guda ba. A kan bulo ya ɗora su, ganye na ƙara tsawo yana zare bulon ɗaya bayan ɗaya. Ya sare reshen mangwaron da ke yi wa ruwan inuwa, ya sha faɗa. Ya kashe famfon da ke feshi a tsakiyar tafkin, don bado ba ya son ruwa mai motsi, ya sake shan faɗa. Wata uku cur yana shiga ruwa har gwiwa, da sanyin ƙashinsa da komai, yana tsinke ruɓaɓɓen ganye. Ran da furen farko ya buɗe, tsoho ya tsaya a bakin tafki yana murmushi shi kaɗai, sai ka ce jika aka haifa masa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Shi bado da hantsi yake buɗewa, rana na karkatawa ya tsuke abinsa. Maigida kuwa tun gari bai gama wayewa ba ya fice kasuwa, ba ya dawowa sai dab da magariba, ba Juma'a ba Lahadi. Kullum ya leƙa tafki sai ya tarar da furanni a dunƙule, ya ce, "Baba, ina furen?" Tsoho ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ka daure gobe ka kai hantsi a gida, ka gani da idonka." Sai gogan naka ya ce, "Au, yanzu ciyawa ce za ta sa mini lokaci?" Mai gadi ya ba da shaida, mai girki ta ba da shaida, maigida ya ce ai bakinsu ɗaya. Wata rana ma ya fizgo ɗaya ya ɓare shi da farce, abin ya yage, ya ce, "Ka gani? Ko a ciki babu komai." Wanda ya fi ci wa tsoho rai shi ne ranar da maigida ya shigo da baƙi, ya nuna shi da baki ya ce, "Ga maƙaryacin nan mai noman ganye." Dattijon da ya haura saba'in ba a taɓa kama shi da ƙarya ba! Wallahi ko ni da nake ba ka labarin raina ɓaci yake. Tsoho ya so ya ajiye aikin a ranar, amma ya ce ina, ba zai fita gidan nan da wannan suna a kansa ba. Ya zauna yana jiran hantsi guda ɗaya tak.

Hantsin ya zo, amma ji yadda ya zo. Maigida ya ce a tumɓuke badon gaba ɗaya, kuma tunda tsoho ba abin yarda ba ne, shi da kansa zai tsaya a kansa har a gama. Ka ji fa! Mutumin da ya kasa fasa kasuwa don ya ga gaskiya, ga shi ya fasa don ya ga ɓarna. Da sassafe ya kafa kujera a bakin tafki. Tsoho ya roƙe shi ya bari rana ta ɗan ɗaga, maigida ya ce ba ya son surutu. Haka dattijon nan ya shiga ruwa, yana ciro tukwanen da ya dasa da hannunsa yana fasawa, yana tsinka saiwa yana tarawa a gefe. Aiki ya ja, rana ta hau, ta bugi tsibin. Sai ga furanni suna buɗewa a nan inda aka yasar da su, cikin caɓi da fasassun tukwane, ɗaya, biyu, har sun fi ashirin, farare tas. Maigida ya miƙe tsaye, baki sake. Tsoho ya tsaya cikin ruwa yana jiran kalma ɗaya a gaban mai gadi da mai girki. Ka san abin da ya fito daga bakin mutumin nan? Cewa ya yi, "Haba Baba, kai ma ka cika sanyi! Ai da ka dage ka tsayar da ni." Tsoho ya fito daga ruwan. Ya wanke ƙafafunsa, ya ɗauki hularsa, ya kama hanyar ƙofa.

Don haka kafin ka sake zagin kowa, ka fara tambayar kanka yaushe rabonka da ka tsaya ka duba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.