Ƙofar Shingen Kan Dutse

Shekarar da aka rufe kasuwanni da hanyoyi, Baba bai je sayo zuma a ƙauyukan kan dutse ba. Wata la'asar a unguwarmu ta New Bell, ruwa ya tsagaita, ya buɗe tsohuwar jarkarsa a baranda. Babu komai ciki sai ƙamshin zuma da hayaƙi.

"Shaƙi, Uwata," ya ce da ni. "Mun fara hawa."

Na lumshe ido. Muryarsa ta bi da ni cikin gajimare da gonaki, har na ji sanyi a kunnena. Ina ta ɗokin kaiwa ƙololuwa.

"Tsaya. Kin bar ƙofar shinge a buɗe. Awaki za su cinye wa matar da ke da gonar nan wakenta. Mu wucewa muke yi, ita da shi za ta ci shekara."

"Baba, ai wasa ne."

"Koma ki rufe."

Na miƙa hannu cikin iska, na ja ƙofar, na ɗaure igiyar. Sannan muka ci gaba.

Har ya rasu bai sake hawa dutsen ba, ni kuwa ban taɓa zuwa ba. Amma na san ƙofar nan a rufe take.